GYARAN FAIFAN SIDI DA YA KARCE: DARASI GA IYAYEN ƘASA DA MALAMANSU

An shirya wannan darasi domin iyayen ƙasa da hakimai da magatakarda na ƙasar Gwandu, musamman na Malisa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da duk malamin da aka danƙa wa ajiyar ofis.

Tun daga wajen shekarar 2000, abubuwa da yawa waɗanda a da a kan rubuta cikin littafi sai aka koma zuba su cikin faifan nan mai ƙyalli da a ke kira sidi, ko ƙanensa dibidi. Akwai hotunan naɗin sarauta, da na zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya, da hotunan takardun gonaki, da sunayen masu unguwanni, da karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Yau yawancin waɗannan faya-fayai suna zube cikin akwati ko aljihun tebur, ƙura ta ci su, sun karce. In an sa su cikin na'ura sai su yi ta tsalle, ko su ƙi buɗewa sam.

Akwai injin da a ke gyara irin wannan faifai da shi, yana kuwa aiki ƙwarai in an san inda za a yi amfani da shi. Amma wajibi ne a gane abu guda tun da fari. Injin nan tagar da a ke leƙen rubutu ta cikinta kaɗai ya ke gyarawa, rubutun da ya ɓace ba ya iya mayar da shi. Kowace guga kuma rage jikin faifan ta ke yi, abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka a ke goge faifai domin a kwashe abin da ke cikinsa, a mai da shi wurin da ya fi aminci.

1. YADDA AKA GINA FAIFAI

Kamfanonin Philips na ƙasar Holan da Sony na Japan su suka haɗa kai suka fito da sidi, aka fara sayar da shi a shekarar 1982. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2. Na yau da kullum yana ɗaukar magana ko waƙa ta minti 80.

Kusan dukan kaurin nan roba ce mai tauri, garau kamar gilashi. Rubutun yana can saman robar, daf da gefen da a ke rubuta suna. Bisa rubutun an shimfiɗa ƙarfe siriri ƙwarai mai mayar da haske kamar madubi, bisa ƙarfen an yi ɗan shafe kamar fenti, sa'an nan aka buga suna ko hoto. Watau gefen nan mai ƙyalli da kowa ke tattali, tsakaninsa da rubutun akwai roba mai kaurin fiye da milimita ɗaya. Gefen suna kuwa, wanda a ke kifawa bisa tebur ba tare da damuwa ba, abin da ya raba shi da rubutun bai kai kaurin gashin kai ba. A riƙe wannan da kyau, don a nan ne asarar da ba ta da magani ta ke aukuwa.

Shi rubutun layi ɗaya ne tak. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna ɗinkin faifan kaba ya san daga cibiya a ke farawa, a yi ta kewayawa har a kai baki. Haka layin sidi ya ke. Daga tsakiya ya ke tashi, ya kewaya fiye da sau 20,000, in da za a warware shi ya fi kilomita 5. Cikin faɗin milimita ɗaya akwai kewaye fiye da 600. Can kusa da cibiya ne aka rubuta jerin abin da ke cikin faifan da wurin da kowane abu ya ke. Don haka ɓarna kaɗan kusa da cibiya ta kan hana faifai duka buɗewa.

Faifan garmaho na da allurar ƙarfe ke bin layinsa. Sidi kuwa ba abin da ke taɓa shi sai wani siririn haske da a ke kira leza. Hasken yana shiga ta gefen ƙyalli, ya ratsa robar, ya doki madubin, ya komo, na'ura ta karanta abin da ya komo da shi.

Faya-fayai iri uku a ke samu a ofisoshinmu. Na farko sidin kamfani, wanda aka buga rubutunsa cikin robar tun a masana'anta. Na biyu sidin da a ke saya babu kome a ciki, a zuba masa abu da kwamfuta. Shi wannan rubutunsa cikin wani rini ya ke, rana da zafi kuwa suna kashe rinin. Yawancin ajiyar ofis irin wannan ce, ita ce kuma ba ta da ta biyu a kasuwa. Na uku dibidi, wanda ya fito a 1996. Shi faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, rubutun yana tsakiya, saboda haka gefen sunansa ya fi na sidi juriya, amma robar da za a iya kankarewa rabin ta sidi ce. Akwai kuma Blu-ray na 2006, wanda rubutunsa ke ƙarƙashin milimita 0.1 kawai daga gefen ƙyalli. Wannan ba a sa masa guga mai kaushi ko kusa.

2. YADDA KARCE KE HANA KARATU

Sa'ad da hasken ke shiga robar yana da ɗan faɗi, sai can wajen rubutun ya ke tsinkewa ya zama kamar bakin allura. Shi ya sa ƙananan karce da 'yar ƙura ba su cika hana karatu ba, hasken yana wuce su ta gefe. Amma karce mai zurfi da faɗi yana karkatar da hasken, ya watsa shi, na'ura ta rasa layin da ta ke bi.

Waɗanda suka ƙago faifan sun san za a karce shi, sai suka yi dabara. Ba su jera magana wuri guda ba, sun rarraba ta nan da can bisa layin, suka kuma haɗa ta da wani lissafi wanda na'ura ke cike giɓi da shi. In ɓarna bisa layin ba ta wuce tsawon kamar milimita 2 da rabi ba, na'ura tana iya cike ta sarai, mai saurare bai ko sani ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa karce ba duka ɗaya ba ne. A ɗauki misalin gona mai kunyoyi. In akuya ta keta gonar a gicciye, ta ɓata shuka ɗaya ɗaya a kowace kunya, mai gona ya yi dashe ya cike. In kuwa ruwa ya bi kunya ɗaya daga kai har gindi, wannan kunya ta tafi. Haka nan karcen da ya taso daga cibiya ya nufi baki, ko da yana da muni ga ido, kaɗan ya ke ci daga kowane kewaye. Wanda ya bi kewayen faifan kuwa, ko gajere ne, yana rufe layi ɗaya da tsawo, lissafin cike giɓi ya kāsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a share faifai a kewaye. Kullum daga cibiya a ke jan ƙyalle zuwa baki.

3. RARRABE MAI GYARUWA DA MARAR GYARUWA

Kafin a yi zancen inji, magatakarda ya zauna wuri mai haske ya duba kowane faifai da gwaji uku.

Gwajin farko na haske ne. A ɗaga faifan a sa shi tsakanin ido da fitila ko taga, gefen suna yana fuskantar hasken. In an ga haske yana ɓullowa ta wasu ƙananan huji ko ta wani zane, madubin ya huje, rubutun wurin ya tafi. Inji ba ya da abin yi a nan.

Na biyu na inuwa ne. A karkata gefen ƙyalli a dubi karcen. In an ga shi biyu, shi da inuwarsa cikin madubin, da ɗan rata tsakaninsu, to, bisa robar ya ke, akwai fatan gyara. In shi ɗaya ne babu rata, daga gefen suna ya ke.

Na uku na farce ne. A ja farce a hankali a ƙetare karcen na gefen ƙyalli. In farce ya wuce sumul, guga mai laushi ta isa. In ya tsaya ya maƙale, karcen mai zurfi ne, sai an fara da mai kaushi.

Ban da waɗanda madubinsu ya huje, akwai faifai iri huɗu da ba a kai wa inji. Akwai wanda ya tsage, musamman daga cibiya. Shi wannan ko cikin kwamfuta kada a sa shi, don na'ura mai sauri tana juya faifai har wajen sau 10,000 a minti ɗaya, tsagagge kuwa yana iya tarwatsewa a ciki. Akwai wanda zafi ya tanƙwara. Akwai wanda madubinsa ya fara ɓamɓarewa daga baki, ko ya sāke launi ya yi tsatsa-tsatsa. Akwai kuma wanda fuskarsa ke sumul amma ya ƙi karantuwa, wanda sau da yawa rininsa ne ya mutu. Duk waɗannan a ware su, a rubuta halin da su ke ciki, a nemi masanin kwamfuta ya gwada ceto abin da ya saura.

4. ABIN DA ZA A YI KAFIN A KAI INJI

Faifai da yawa da a ke cewa sun karce, datti ne kawai ya dame su, ko maiƙon hannu. A fara ɗauraye faifan da ruwa mai tsabta domin yashi ya sauka, don in aka goge shi da yashi a jiki an ƙara masa ciwo. Sa'an nan a sa ɗigon sabulun ruwa, a shafa da tafin yatsa daga cibiya zuwa baki, a ɗauraye, a tsane da ƙyallen auduga mai laushi, a bar shi ya bushe a inuwa. Faifan da aka manna wa takarda a gefen suna kada a jiƙa wannan gefen.

In ya bushe a gwada shi cikin na'ura biyu ko uku, don wata ta kan karanta abin da wata ta kāsa. Duk abin da ya buɗe a kwafe shi nan take cikin kwamfuta, ko da rabi ne. Akwai manhajojin da aka yi domin wannan aiki. Ɗaya daga cikinsu, mai suna ddrescue, kyauta ce; tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta rubuta inda ta tsallake, sa'an nan ta komo ta yi ta gwada wuraren da suka ɓaci. Amfaninta shi ne, in an goge faifan daga baya, giɓin da ya saura kaɗai za ta nema. Ɗaliban kwamfuta irin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko na Kwalejin Waziri Umaru za su iya taimakon ofis da wannan in an nuna musu abin da a ke so.

In an sami kome da kome ta wannan hanya, zancen inji ya ƙare, ko da faifan ya yi muni ga ido. Hausawa sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido.

5. INJIN DA YADDA YA KE AIKI

In akushi ya sami sara, masassaƙi ba ya cike saran. Itacen da ke kewaye da shi ya ke ragewa har fuskar ta zo daidai da gindin saran, sa'an nan ya goge ta yi sumul. Aikin injin ke nan. Yana riƙe faifan ta cibiya, ya juya shi, wasu ƙananan soso masu kaushin samfefa su kuma suna juyawa bisa gefen ƙyalli suna cin robar daidai wa daida. Soson farko mai kaushi ne, shi ke cin karcen, amma ya bar nasa ƙananan zane. Na biye da shi ya fi shi laushi, shi ke share zanen na farko. Haka a ke bi har a kai ga soso mai taushi da man guga, wanda ke mayar da fuskar garau.

Injunan iri iri ne. Akwai ƙarami na juyawa da hannu, wanda ƙananan karce kaɗai ya ke iyawa. Akwai na lantarki mai aiki da soso da man guga, kamar na kamfanin JFJ na Amurka. Akwai kuma manya masu zuba ruwa sa'ad da su ke guga, kamar na kamfanin ELM na Japan, irin waɗanda ɗakunan karatu na ƙasashen waje ke amfani da su. Amfanin ruwan biyu ne, yana sanyaya robar, yana kuma kwashe garin da aka kankare. Guga tana haifar da zafi, zafi kuwa in ya yi yawa yana tanƙwara faifai ko ya bar masa hazon da ba ya fita.

To, har nawa a ke iya kankarewa? Bisa ƙa'idar da aka gina sidi, kaurinsa bai kamata ya gaza milimita 1.1 ba, don an daidaita idon na'ura ne bisa kaurin robar. Ke nan abin da a ke da ikon ci bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, watau wajen kaurin takardar rubutu guda. Guga mai laushi kaɗan ƙwarai ta ke ci, ana iya maimaita ta sau da yawa. Mai kaushi kuwa tana cinye rabon da sauri. In aka zarce, faifan zai fito yana sheƙi kamar sabo, amma na'ura ta kāsa ganin rubutunsa.

6. TSARIN AIKI

Wanda zai yi gugar, ko malamin ofis ne ko mai shago, ya bi wannan tsari:

(a) Ya karanta takardar da ta zo da injin, don lokacin kowane mataki da irin sosonsa sun bambanta daga inji zuwa inji.

(b) Ya share ɗakin, ya rufe taga, musamman da hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale cikin soso za ta zana faifan a kewaye, watau mafi munin karce.

(c) In injin mai ruwa ne, ya sa ruwa tatacce. Ruwan rijiya ko na gulbi ba ya yi sai an tace shi sarai.

(d) Ya fara gwaji da faifan da ba shi da amfani. Ya karce shi da gangan, ya goge, ya gani ko injin da soson suna da lafiya.

(e) Ya tabbata gefen ƙyalli ne ke fuskantar soso. In aka kifa faifai a juye, cikin ƙiftawar ido rubutun ya tafi.

(f) Ya fara da mataki mafi laushi da ya ke zaton zai isa, ya gwada faifan. Sai in bai yi ba ya koma mai kaushi.

(g) In ya fara da mai kaushi, ya bi matakan duka bi da bi, kada ya tsallake ko ɗaya, kada kuma ya gauraya soson wannan mataki da man wancan. Bayan matakin farko faifan zai yi fari kamar hazo. Wannan ba abin tsoro ba ne, matakan baya ke share shi.

(h) Tsakanin mataki da mataki ya taɓa faifan. In ya yi zafi ya dakata ya huce. In wuta ta ɗauke ana cikin aiki, ya wanke faifan ya sāke wannan mataki.

(i) In an gama ya wanke man guga sarai, har na bakin cibiya, ya busar, ya sa cikin na'ura.

(j) Da zarar faifan ya karantu, aiki ya ƙare, ko da ana ganin sauran karcen. Sau da yawa rage kaifin bakin karce kawai ya isa haske ya wuce. A kwafe nan take, kafin a tashi daga wurin.

7. ABUBUWAN DA AKA HANA

Kada a wanke faifai da fetur, ko kananzir, ko tina ta masu fenti, ko ruwan goge farce. Suna cin robar, su sa ta tsattsage ko ta dushe. Kada a kanga shi a wuta ko a tsoma shi cikin ruwan zafi. Kada a goge shi da toka, ko samfefar kafinta, ko bakin riga.

Man goge baki da yara ke shafawa yana da ɗan kaushi, wani lokaci ya kan rage ƙaramin karce, amma mai zurfi ya fi ƙarfinsa, hannu kuma ba ya ci daidai kamar inji. Man shafawa kuwa cike karcen ya ke yi na ɗan lokaci, sa'an nan ya tara ƙura, ya ɓata idon na'ura. Faifan ofis ba abin gwaji ba ne.

Kada a rubuta suna bisa faifai da biro ko fensir, don tsininsu yana huda madubin. A yi amfani da maka mai taushin baki, a rubuta lamba kaɗai a ɗan farin zoben nan na cibiya inda babu rubutu. Kada a manna masa salatif ko takarda. Wanda aka riga aka manna wa kuma kada a ɓamɓare, don ya kan taso da madubin.

8. AIKIN UBAN ƘASA DA MAGATAKARDA

A ce an yi zaman sulhu a Malisa bisa iyakar wata gona da burtali, dattawa suka nuna alamun iyaka, aka ɗauki hotonsu da maganarsu aka zuba cikin faifai ɗaya. Bayan shekara goma sha biyar rigimar ta taso, dattawan sun rasu, faifan kuma ya karce. A wannan rana faifan nan ya fi kome daraja a ofis, wanda ya kai shi shago aka goge shi ba da sani ba kuwa ya jawo fitina tsakanin talakawa. Domin gudun haka a kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, a buɗe littafin rajista na faya-fayai. Kowane faifai a ba shi lamba, a rubuta abin da ke ciki, da shekarar da aka yi shi, da halin da aka same shi, da ranar da aka kwafe shi, da sau nawa aka goge shi da irin gugar, da sunan wanda ya yi.

Na biyu, kada a sa faifan da ba shi da na biyu cikin inji sai da iznin uban ƙasa a rubuce.

Na uku, faifan da ke da alaƙa da shari'ar da ke gaban alƙali kada a taɓa shi sai kotu ta yarda. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta shimfiɗa sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, har da takardar bayanin yadda aka samar da shi. Rajista mai kyau ita za ta taimaki ofis a irin wannan rana.

Na huɗu, in za a kai faifai wani gari, malamin ofis ya tafi da shi da kansa, ya zauna a yi aikin a gabansa, ya tabbata ba a bar kwafi cikin kwamfutar mai shago ba. Asirin talakawa amana ne, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ƙarfafa wannan.

Na biyar, ba kowace gunduma ke bukatar inji nata ba. Sosonsa da mansa daga waje a ke kawo su, suna kuma ƙarewa. Abin da ya fi shi ne gundumomi su fara ƙidaya faya-fayansu, su ware waɗanda wanki da kwafi suka kāsa. In adadin ya kai, a kai shawara majalisar masarauta a Birnin Kebbi, ko ƙaramar hukuma, a tanadi inji ɗaya da mutum ɗaya da zai ƙware a kansa.

9. BAYAN GYARA

Littattafan Malam Abdullahin Gwandu, da aka rubuta da tawada bisa takarda, sun yi shekara ɗari biyu ana karanta su. Abin da ya rayar da su shi ne almajirai da suka yi ta kwafa, kowane zamani yana miƙa wa na bayansa. Faifai ma haka ya ke bukata, har ya fi, don shi sai da na'ura a ke karanta shi, na'urar kuwa tana ƙaranci. Yawancin ƙananan kwamfutocin da a ke yi yanzu ba su da wurin sa faifai, masu sayar da fina-finan Kano ma sun koma tura wa mutane a waya. Ofishin da ke da na'ura mai lafiya ya tattale ta, ya yi aikin kwafi tun tana aiki.

Kowane abu mai muhimmanci a yi masa kwafi uku, cikin ma'aji iri biyu dabam dabam, ɗaya kuma a ajiye shi a wani gari. Kada a dogara ga filas ko memori kaɗai, don in sun daɗe a ajiye ba a sa su a wuta ba su kan yi mantuwa. Abin da ya ke takarda ne asalinsa, kamar shaidar gona ko yarjejeniyar sulhu, a buga shi bisa takarda, uban ƙasa ya sa hannu, a sa cikin fayil. Kowace shekara da kaka a buɗe kwafin duka a tabbata suna nan.

Shi kuma faifan asali kada a yar da shi. A sa kowanne cikin gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, a riƙa kama su ta baki da cibiya. Jagoran da hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar a 2003 ya ce a ajiye faifai inda zafi bai wuce digiri 20 ba. A ƙasarmu, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan da wuya, amma a yi abin da a ke iyawa: ɗakin ƙasa mai soro ya fi mai rufin kwano, cikin akwati ya fi bakin taga, mota kuwa ba wurin ajiye faifai ba ce ko na yini ɗaya. Don gobe a ke wanke tukunya.

TAMBAYOYI

1. Wane gefen sidi ne ya fi kusa da rubutu, me ya sa inji ba ya gyara karcen wannan gefe?
2. Me ya sa karcen da ya bi kewayen faifai ya fi wanda ya taso daga cibiya ɓarna?
3. Faɗi gwaji uku da a ke yi wa faifai, da iri huɗu da ba a kai wa inji.
4. Waɗanne abubuwa biyu a ke yi kafin a yi zancen guga?
5. Yaushe mai guga zai tsaya?
6. Ƙidaya faya-fayan da ke ofishinku, ka shigar da su rajista, ka kawo wa uban ƙasa adadin waɗanda ba su da kwafi.